Jirgin talakawa: yadda kamfanin Laker ya tashi, da yadda ya faɗi

Ranar juma'a 5 ga watan Fabrairu na shekara ta 1982, da safe, wani kamfanin jiragen sama na ƙasar Ingila ya rufe ƙofofinsa. Sunansa Laker Airways. Wani jirginsa ya riga ya tashi ɗauke da mutane masu zuwa hutu, aka kira direban ta rediyo aka ce ya juyo gida. Fasinjoji wajen 6,000 suka wayi gari a ƙasashen waje da tikiti a hannu, babu jirgin da zai maido su. Ma'aikata wajen 2,500 suka rasa aikinsu rana ɗaya. Bashin da ake bin kamfanin ya kai fam miliyan 270, kuɗin Ingila.

Shekara huɗu da wata huɗu kafin wannan rana, wannan kamfani ya fara ɗaukar talaka a jirgin sama zuwa Amurka da kuɗi kaɗan. Mutane suna kwana a layi don su samu wuri. To, yaya aka yi mai kasuwa irin wannan ya karye? Ga labarin daki-daki.

Wane ne Laker?

Mai kamfanin sunansa Freddie Laker, ana faɗin sunan kamar Leka. An haife shi a garin Kantabari na Ingila cikin 1922. Ba ɗan masu kuɗi ba ne, kuma bai yi dogon karatu ba. Yana da shekara 16 ya shiga wata masana'antar ƙera jiragen sama, aikinsa share ƙasa da kai wa manya shayi. A nan ya koyi gyaran inji. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki cikin masu kai jirage daga masana'anta zuwa sansanin soja.

Bayan yaƙi ya shiga saye da sayar da tsofaffin jirage da kayan gyaransu. Cikin 1948 wani abokinsa ya ranta masa fam 38,000, ya sayi tsofaffin jirage 12. Sai ga sa'a ta zo. A wannan shekara Rasha ta toshe hanyoyin ƙasa masu shiga yammacin birnin Barlin na Jamus. Abinci da gawayi da mai duk sai ta sama ake kai su, har wajen shekara guda. Aka yi hayar jiragen Laker, suka yi ta jigila dare da rana. Daga nan ya samu jari.

Ya shugabanci wani babban kamfani mai suna British United Airways daga 1960 zuwa 1965. Cikin 1966 ya kafa nasa na kansa, ya sa masa sunansa. Da farko shata yake yi: masu shirya tafiye-tafiye su ɗauki jirgin gaba ɗaya, ya kai musu mutane wuraren hutu.

Me ya sa tikiti yake da tsada a wancan zamani?

Tsakanin Landan, babban birnin Ingila, da Niyu Yok, babban garin kasuwanci na Amurka, akwai teku mai faɗi, Atlantika. Nisan ya kai kilomita 5,500, wato kamar tafiya daga Yamai zuwa Damagaram sau shida. Jirgi yana yin awa bakwai zuwa takwas a sama.

A lokacin, manyan kamfanoni suna da ƙungiya ta duniya mai suna IATA. A cikinta suke zama su yanka kuɗin tikiti, gwamnatoci su sa hannu. Kowa ya sayar kuɗi ɗaya, ba mai ragewa. Kamar a ce duk masu motocin tasha sun haɗa baki a kan kuɗin mota, hukuma kuma ta hana wani ya shigo da tasa motar. Saboda haka hawa jirgi ya zama na attajirai da manyan ma'aikata.

Akwai hanya ɗaya ta samun sauƙi, ita ce shata. Amma doka ta ce sai ƴan ƙungiya ɗaya, waɗanda suka yi wata shida a cikinta, za su hau jirgin shata tare. Sai mutane suka riƙa ƙirƙiro ƙungiyoyin ƙarya don su samu tikiti mai araha. Wani lokaci ma'aikatan hukuma su zo filin jirgi su yi bincike, su sauke fasinjoji. Laker kansa ya sha wannan wahala da jiragensa.

Dabarar Laker

Laker ya yi lissafi mai sauƙi, wanda duk direban tasha ya sani. Mota in ta tashi da mutum biyar ko da mutum ashirin, man da za ta sha kusan ɗaya ne. Kujerar da ta tafi babu kowa, kuɗinta ya tafi ke nan har abada. To, gara a rage kuɗi a cika mota.

Ya ce jirginsa zai yi aiki kamar jirgin ƙasa. Shi ya sa ya sa masa suna Skytrain, ma'anarsa jirgin ƙasa na sama. Ba a kama wuri tun da kwanaki. Ranar tafiya mutum ya zo ya sayi tikiti, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Abinci ba kyauta ba ne: mai so ya biya, wanda ba ya so ya zo da guzurinsa. Jirgin kuwa babba ne, ƙirar Amurka, ana kiransa DC-10, an jera masa kujeru 345. Irinsa ne kamfanonin Air Afrique da UTA suka yi aiki da shi a Afrika ta Yamma.

Ya nemi izini cikin 1971. Manyan kamfanoni suka tashi tsaye, suka ce wannan zai ɓata kasuwa. Hukumar jiragen sama ta Ingila ta ba shi izini cikin 1972, amma Amurka ta yi shiru. Cikin 1975 gwamnatin Ingila ta ce ta soke izinin. Laker ya kai gwamnatin ƙasarsa ƙara, kuma cikin 1976 alƙalai suka ba shi gaskiya, suka ce minista ya wuce iyakarsa. Cikin 1977 shugaban Amurka Jimmy Carter ya yarda. Shekara shida ke nan ana ja.

Shekarun daɗi

Ranar 26 ga Satumba 1977 jirgin Skytrain na farko ya tashi daga filin Gatwick, kudu da Landan. Kuɗin zuwa Niyu Yok fam 59. Wannan kusan kashi ɗaya ne cikin uku na abin da manyan kamfanoni suke karɓa a tikitinsu na yau da kullum. Daga Amurka zuwa Ingila kuwa dalar Amurka 135. A lura, wannan dala ba dalar kasuwar Maraɗi ba ce mai sefa biyar. Kuɗin Amurka ne, mai nauyi ƙwarai.

Ɗalibai suka zo, da leburori, da tsofaffi masu ƴaƴa a hayin teku waɗanda suka yi shekaru ba su gan su ba. Da yawansu ba su taɓa shiga jirgi ba. A bazarar Turai ta 1978 layi ya yi tsawo har mutane suna kwana a waje kwana biyu, kwana uku, suna jiran wuri. A shekarar farko Skytrain ya ci riba wajen fam miliyan 2.

Manyan kamfanoni da suka ga haka, su ma suka fito da tikiti mai rahusa ga wanda zai jira kujerar da ta rage. Ke nan har wanda bai hau jirgin Laker ba ya amfana da shi. Cikin 1978 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar girmamawa, aka koma kiransa Sir Freddie. Margaret Thatcher, wadda ta zama firaminista cikin 1979, tana yabonsa tana kafa misali da shi.

Ya ƙara hanyoyi. Cikin 1978 ya fara zuwa Los Anjalas, cikin 1980 Mayami. Zuwa 1981, cikin duk mutum bakwai masu ƙetare tekun a wannan hanya tsakanin Ingila da Amurka, ana lissafin ɗaya fasinjan Laker ne.

Cin bashi da daɗi

A nan ne matsala ta fara, tun kasuwa tana kan ci. Laker ya ga jama'a, sai ya yi niyyar ƙara jirage da yawa a lokaci ɗaya. Ya sayi sababbin DC-10 guda biyar masu dogon zango, jimillar irinsu a hannunsa ta kai 11. Ya kuma yi odar jirage 10 ƙirar Turai, masu suna Airbus, don ya yi irin wannan ciniki a cikin Turai. Ya nemi izinin hanyoyi fiye da 600 a can.

Gwamnatocin Turai suna da kamfanoninsu na ƙasa, ba su son wanda zai karya musu farashi. Ba a ba shi hanyoyin ba sai ƙalilan. Airbus uku suka iso cikin 1981, babu isasshen aikin da za su yi. Kamar mutumin da ya sayi shanun huɗa da garma da bashi, tun ba a ba shi gonar ba.

Kuɗin sayen jiragen nan kusan duka rance ne. Jarin da masu kamfanin suka zuba da hannunsu bai wuce fam dubu 500 da ƴan kai ba, alhali bashin ya haura fam miliyan 200. Babu rumbun ajiya. In shekara ɗaya ta zo da fari, babu abin da za a ci.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Rancen da dalar Amurka aka karɓe shi, da ita kuma za a biya. Amma yawancin fasinjojin da fam ɗin Ingila suke sayen tikiti. Mai noma ya san irin wannan. Wanda ya ci bashin kuɗi, alhali abin da yake samu hatsi ne, ransa yana hannun farashin tiya. In tiya ta faɗi a kaka, sai ya auna buhu huɗu a inda da buhu uku za su isa.

Haka ta faru da Laker. A farkon 1981, fam ɗaya yana sayen dalar Amurka 2 da kwabo 40. Kafin ƙarshen bazarar wannan shekara ya faɗo wajen dala 1 da kwabo 80. Ga lissafin: bashin dala 240, da fam 100 ake biyansa a watan Janairu. Bayan ƴan watanni sai an kawo fam 133. Bai ƙara cin bashin ko sisi ba, amma bashin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Akwai hanyar da manyan ƴan kasuwa suke bi, su sayi dalar tun da wuri a farashin da aka tsayar. Kamfanin Laker bai kare kansa ta wannan hanya yadda ya kamata ba.

Masifu suka haɗu

Ban da wannan, wasu abubuwa sun riga sun raunana shi. Ranar 25 ga Mayu 1979 wani DC-10 na wani kamfanin Amurka ya faɗi a Shikago, mutum 273 suka mutu. Hukumar Amurka ta hana duk jirage irinsa tashi har fiye da wata guda. Jirgin da ya faɗi ba na Laker ba ne, amma Skytrain yawanci da irinsa yake aiki. Ya zauna a ƙasa a daidai lokacin da kasuwa ta fi ci.

A wannan shekara ta 1979 aka yi juyin juya hali a Iran, kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Kuɗin ruwa a bankunan Amurka ya kai wajen 20 bisa 100. Masana'antun Ingila suka yi ta rufewa, marasa aiki suka kusa miliyan 3. Wanda ya rasa aiki ba ya zuwa yawon buɗe ido. Kuma fasinjan Laker shi ne talakan da abin ya fara taɓawa.

Don ya samu ƙarin kuɗi, Laker ya sake tsari. Ya yarda a kama wuri tun da kwanaki. Cikin 1981 ya keɓe kujeru masu faɗi a gaban jirgi don ƴan kasuwa. Wannan kuwa shi ne tuwon manyan kamfanoni, daga nan suke cin ribarsu.

Cikin Oktoba 1981 kamfanin Pan Am na Amurka ya sanar da zai karya kuɗin tikitinsa har ya yi daidai da na Laker a hanyoyin da suke takara. British Airways da TWA suka bi sahu. Su ma asara suke yi, amma suna da abin jurewa. British Airways na gwamnati ne a lokacin. Pan Am kuwa ya sayar da babban gininsa na Niyu Yok da otal-otal ɗinsa ya samu kuɗi. Fasinja ya duba: kuɗi ɗaya, amma can ana ba da abinci kyauta, ga suna babba. Sai ya tafi can. Lokacin ɗari ya shigo, wanda dama matafiya suke raguwa. Ƙanƙara ta zuba da yawa a Ingila, ma'aikatan jirgin ƙasa kuma suka yi yajin aiki a Janairu 1982, zuwa filin Gatwick ya yi wuya. Jiragen Laker suka riƙa tashi da kujeru da yawa babu kowa.

Ƙoƙarin ceto

Masu bin bashi ba su so ya faɗi ba, don in ya faɗi kuɗinsu ya shiga ruwa. A ƙarshen 1981 kamfanin McDonnell Douglas, wanda ya ƙera DC-10, da General Electric, wanda ya ƙera injinsa, suka shirya mayar da wani sashe na bashin ya zama hannun jari. Bankin Midland na Ingila yana cikin maganar.

Da labari ya fita, wasu kamfanonin jirage na Turai suka aika wa McDonnell Douglas saƙo. Suka nuna in ya taimaki abokin takararsu, kada ya sa ran za su ƙara sayen jirginsa. Cikin masu adawa har da British Caledonian, wanda jiragensa suke sauka Kano da Legas a wancan zamani. Shirin ceto ya warware. Alƙaluman fasinjoji na lokacin ɗari kuma suka fito, sun fi yadda ake zato muni. Banki ya ƙi ƙara ba da rance. Ranar 5 ga Fabrairu aka kira masu karɓar dukiyar wanda ya karye.

Wasu kamfanoni suka kwaso fasinjojin da suka maƙale. Mutanen Ingila da yawa suka riƙa aiko da gudummawa daga aljihunsu don a tayar da kamfanin, amma abin da aka tara ɗigo ne a kan bashin miliyan 270. Aka sayar da jiragen.

Shari'a

Wanda aka ɗora wa alhakin raba dukiyar kamfanin, Christopher Morris, ya shigar da ƙara a Washintan cikin Nuwamba 1982. Ya ce manyan kamfanoni sun haɗa baki sun karya farashi don su kashe Laker, sun kuma hana a cece shi. Ya nemi diyya fiye da dalar Amurka miliyan dubu. Cikin waɗanda aka kai ƙara akwai British Airways, British Caledonian, Pan Am, TWA, Lufthansa na Jamus, Swissair da McDonnell Douglas.

Maganar ta kai ga shugabanni. Gwamnatin Thatcher tana son sayar da British Airways ga ƴan kasuwa, amma ba mai sayen kamfani da irin wannan ƙara a wuyansa. Hukumar shari'a ta Amurka ma ta buɗe nata binciken, sai shugaba Ronald Reagan ya tsayar da shi cikin Nuwamba 1984. Cikin 1985 aka yi sulhu a wajen kotu. Kamfanonin suka yarda su biya dalar Amurka miliyan 48 ga masu bin bashi, Laker kansa aka ba shi miliyan 8. Tun da sulhu aka yi, babu alƙalin da ya yanke cewa sun yi laifi, su ma ba su amsa laifi ba. Aka sayar da British Airways cikin 1987.

Har yau masana suna da ra'ayi biyu. Wasu suna cewa haɗin bakin manya ne ya kashe shi. Wasu suna cewa bashinsa ne. Abin da lissafi ya nuna shi ne, bashin dala ya riga ya durƙusar da kamfanin tun kafin watan Oktoba. Karya farashin da manya suka yi ya same shi a durƙushe, ba shi da ajiyar da zai jure wata uku na asara.

Abin da ya bari

Manyan da suka yi takara da shi, su ma ba duka suka tsira ba. British Airways ya haɗiye British Caledonian cikin 1988. Pan Am ya rufe cikin Disamba 1991. TWA ya ɓace cikin 2001.

Dabarar Laker kuwa ta rayu. Cikin 1984 Richard Branson ya kafa Virgin Atlantic a wannan hanya ta Gatwick zuwa Amurka, Laker ya ba shi shawara, shi kuma ya sa wa wani jirginsa sunan Sir Freddie. Daga baya Ryanair da easyJet suka cika Turai da tikiti mai araha, a kan tsarin nan na kujeru da yawa da abinci na saye. Amma su gajerun hanyoyi suke bi. Ƙetare teku da araha ya ci gaba da wuya. Kamfanin Norwegian ya gwada, shi ma da sababbin jirage na bashi, ya daina dogon zango cikin 2021.

Laker ya koma tsibiran Bahamas, ya sake kafa wani ƙaramin kamfani cikin 1992. Ya rasu a Amurka ranar 9 ga Fabrairu 2006, yana da shekara 83.

Jama'a, Laker ya yi gaskiya da ya ce talaka ma zai hau jirgi in an rage kuɗi, kuma miliyoyin mutane suna cin amfanin wannan har yanzu. Inda ya yi kuskure shi ne wurin rance. Mai niyyar cin bashi don ya faɗaɗa sana'arsa, ko babba ne ko ƙarami, ya tambayi kansa abu uku kafin ya sa hannu. Da wane irin kuɗi zan biya, kuma shi nake samu? Abin da zan saya, aikinsa ya tabbata ko fata nake yi? In shekara ta ƙi, me na ajiye? Kamfanin Laker yana da jirage wajen 20 da suna a duniya, amma ranar da aka yi masa waɗannan tambayoyi bai samu amsa ba.